Gwanjon da Ba Na Talaka Ba: Yadda Tsofaffin Marsandi da BMW Suka Koma Dukiya

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ko rashin caji ya hana su sauraro. Yau maganar mota za mu yi, kuma wani saƙo ne ya jawo ta.

Kwanakin baya da tsakar dare ƙanina, ɗan kawuna, ya turo min hoton wata baƙar Marsandi 190 a WhatsApp. A ƙasan hoton an rubuta cewa an sayar da ita a gwanjo a Ingila a 2016 kan fam 292,500. Sai ya biyo da tambaya: "Yaya, ashe arziki muka bari aka yi wa gunduwa-gunduwa?"

Na gane inda ya dosa. Kawu yana da Marsandi 190 fara, 'yar Kwatano. A cikinta ake loda mu zuwa yawon sallah, mu bakwai a kujerar baya. Da ta gaji aka jingine ta a gindin darbejiya, kaji suka mayar da ita gidan kwana. A waccan shekarar dai ta 2016 'yan gwangwan suka zo suka taya, kawu ya sallama, suka sare ta a gabanmu suka loda a kura. Kuɗin bai kai na babur ba.

Ban ba shi amsa a daren ba, domin amsar tana da tsawo. Ita ce shirinmu na yau.

Mu fara da kalmar kanta. A wurinmu in an ce gwanjo, araha ke zuwa mana a rai: rigar sanyi, takalmi, kayan da wani ya gama yayinsu. Amma asalin gwanjo shi ne a baje kaya, masu so su yi ta tayi, wanda ya fi kowa ya ɗauka. A gwanjon tsofaffin motoci na Turai da Amurka farashi sama yake yi, har sai an rasa mai ƙarawa a buga guduma. Mai mota kan ɓoye wani adadi a wurin kamfanin gwanjon. In tayi bai kai nan ba, to albarka, mota ta koma gida. Mai saye kuma bayan kuɗin guduma yana biyan la'ada, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a manyan gwanjo.

Motocin da muke magana a kansu kuwa nau'i ɗaya ne: salun ta iyali, mai kujerun baya da but, wadda aka dasa wa injin motar tsere. Ka kai yara makaranta da safe, da yamma ka hau babbar hanyar Jamus, inda wasu sassa ba su da iyakar gudu, ka bar motar tsere a baya.

Wani injiniyan Marsandi mai suna Erich Waxenberger yana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Ya ɗauko injin V8 mai lita 6.3 daga Marsandi 600, motar sarakuna da shugabannin ƙasa, ya cusa shi a jikin salun da ba ta kai ta girma ba. A 1968 aka fito da ita da sunan 300 SEL 6.3, aka ƙera guda 6,526. Ana nan sai wasu tsofaffin ma'aikatan Marsandi biyu, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, waɗanda suka kafa ɗan kamfaninsu AMG a 1967, suka ɗauki irin wannan ƙatuwar motar suka shafa mata jan fenti, suka kai ta tseren awa 24 na Spa a Beljiyam a 1971. Mutane suka yi ta dariya. Ta zo ta biyu.

Wannan share fage ne. Ainihin labarin ya fara ne daga wata doka.

A 1982 hukumar tseren motoci ta duniya ta kawo wani tsari da ake kira Rukunin A. Dokar ta ce duk kamfanin da ke son shiga tseren motocin salun, sai ya ƙera irin motar da zai yi tseren da ita guda 5,000 cikin wata goma sha biyu, ya sayar wa jama'a. In kuma daga baya yana son yi mata kwaskwarima, sai ya sake ƙera 500 masu wannan kwaskwarimar. Manufar ita ce a hana kamfanoni zuwa da dodanni su ce motar gida ce. Amma injiniyoyi suka juya abin. Maimakon su kai motar gida filin tsere, sai suka zana motar tsere, suka ƙera 5,000 ɗinta, suka manna mata lamba suka sayar. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, 5,000 da 500, domin su ne tushen duk kuɗin da za ku ji an ambata nan gaba.

Marsandi ta fito da 190 a ƙarshen 1982, ƙaramar salun ɗinta ta farko a wannan aji. Da farko niyyarsu tseren daji ne, shi ya sa suka nemi kamfanin Cosworth na Ingila ya ƙera musu kan inji mai bawul 16. Kafin su gama shiri Audi ta zo da Quattro mai ja da ƙafa huɗu, ta fara rufe wa masu ja da ƙafa biyu hanya a daji. Sai Marsandi ta karkata zuwa tseren kwalta, aka haifi 190E 2.3-16 mai ƙarfin doki 185.

Don su nuna ba wasa suke ba, a watan Agustan 1983 suka kai ta filin gwaji na Nardo a kudancin Italiya. Motar ta yi kilomita 50,000 cikin awa 201 da 'yan mintuna, a matsakaicin gudun kusan kilomita 248 a awa, har da lokacin shan mai da canjin taya a cikin lissafin. Kwana takwas da wani abu ke nan ana taka ta, dare da rana.

Abin da ya fi wannan zama a zukatan mutane ya faru ne ran 12 ga Mayun 1984, ranar buɗe sabon filin tsere na Nürburgring. Marsandi ta jera motoci 20 iri ɗaya sak, ta gayyato manyan direbobin duniya, su Niki Lauda, Alain Prost, James Hunt, Keke Rosberg. A cikinsu akwai wani yaro ɗan Birazil mai shekara 24 da ya shigo Formula 1 a shekarar. Manyan da dama sun ɗauki abin a matsayin biki, shi kuwa ya ɗauke shi jarrabawa. Ya zo na ɗaya, Lauda na biye da shi. Sunansa Ayrton Senna. Daga baya ya ci kambun duniya sau uku, ya rasu a hatsarin tsere a 1994. Motar da ya tuƙa a ranar Marsandi ta riƙe abarta, ba ta sayar ba. Kun ga tun daga nan 2.3-16 ta samu abin da ba a ƙerawa a masana'anta, wato labari.

BMW ba ta zauna kallo ba. A 1985 ta nuna M3 a baje kolin motoci na Frankfurt, a 1986 ta fara sayarwa. Daga nesa kamar sauran ƙananan BMW na lokacin take, waɗanda ake kira E30, mai ƙofa biyu. Da ka matso sai ka ga kusan duk jikin an sauya shi: kafaɗun taya sun kumbura, gilashin baya ya ƙara kwanciya, but ya ɗaga. Injin silinda huɗu ne mai lita 2.3 da ƙarfin doki 200, aikin Paul Rosche, mutumin da ya ƙera wa BMW injin Formula 1. A 1987 Roberto Ravaglia ya ci kambun duniya na tseren salun da ita. A gasar DTM ta Jamus ta ci kambu a 1987 da 1989. Dubu biyar doka ta nema, amma masu saye suka yi yawa har aka ƙera kusan 18,000.

Daga nan aka shiga abin da zan kira yaƙin ɗari biyar-biyar. Kowane ɓangare ya ga ɗan'uwansa ya matsa, sai ya yi kwaskwarima ya fitar da sabbin 500. A 1989 Marsandi ta fitar da Evolution guda 502. BMW ta amsa da Sport Evolution mai lita 2.5 da ƙarfin doki 238, guda 600. A watan Maris na 1990, a baje kolin Janiba, Marsandi ta buɗe Evolution II. Jama'a, kamfanin da aka sani da motar dattawa ne ya fito da salun mai wani ƙaton fiffike a bayanta kamar allon talla. Ƙarfin doki 235, guda 502, kusan dukkansu launi ɗaya, baƙi mai sirkin shuɗi, kowace da lambarta a jikin giya. Farashinta ya haura Mark 115,000, kuɗin Jamus na wancan lokacin, kusan ninki uku na ƙaramar 190. Duk da haka an saye su tas kafin ma a gama nuna ta.

Abin dariya, suna can suna wannan kokawa Audi ta lallaɓo da V8 ɗinta ta kwashe kambun DTM na 1990 da 1991. Sai a 1992 Evolution II ta biya bashinta: ta ci tsere 16 cikin 24, Klaus Ludwig ya ɗauki kambu. A shekarar ce kuma Ellen Lohr ta ci tsere a Hockenheim da irin motar, ta zama mace ta farko da ta yi nasara a DTM.

To wannan Evolution II ita ce a hoton da ƙanina ya turo. Ɗaya cikin 502, kuma wadda aka sayar a 2016 ɗin ko mil 2,000 ba ta yi ba tun da aka ƙera ta. Ita kuwa 190 gaba ɗayanta, irin ta kawu, an ƙera kusan miliyan 1.9. Kama da wane ba ta wane.

Kafin mu je kasuwa, bari in kawo manyan yayyensu guda uku, domin su ma suna cikin gwanjon. Ta farko M5 ta asali, wadda BMW ta fara sayarwa a 1985. Injin motar tserensu M1 aka saka a salun mai ƙofa huɗu, ƙarfin doki 286, da hannu ake haɗa ta, kuma ba ta wuce guda 2,241 ba. In ka gan ta a titi sai ka rantse motar akawu ce. Ta biyu ita ce wadda aka yi wa laƙabi da Hammer, wato guduma. AMG ce ta ɗauki W124, motar da mu nan muke kira V-boot, ta dasa mata V8 a 1986, ta riƙa gudun da ya doshi kilomita 300 a awa. 'Yan ƙalilan aka yi, domin kuɗinta ya kai na Ferrari.

Ta uku ta fi ba ni sha'awa, 500E. A farkon shekarun 1990 kamfanin Porsche yana cikin matsin kuɗi, ciniki ya faɗi. Ita kuma Marsandi tana son V-boot mai V8 ta kanta, amma da aka faɗaɗa kafaɗun motar sai ta yi wa layin haɗa motocinsu na Sindelfingen faɗi. Sai aka ba Porsche aikin. Gangar jikin takan yi ta kai-komo a kan tirela tsakanin masana'antun biyu, nan a haɗa, can a yi fenti, a dawo a saka inji. Kowace mota kwana 18 take ci. Daga 1990 zuwa 1995 an yi 10,479. Marsandi ce a suna, hannun Porsche ne ya haɗa ta, kuma aikin ya taimaka wa Porsche ta riƙe ma'aikatanta a lokacin wahala.

Yanzu ga inda mutane ke kuskure. Ana zaton tun ranar farko waɗannan motoci suke da daraja. Ina! Sun yi zamanin wulaƙanci kamar kowace mota. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000, tsofaffin motoci ne kawai masu shan mai da tsadar gyara. A Amurka ana samun M3 ta farko ƙasa da dala 20,000. Samari suka saye su suka yi ta wasan ganganci, wasu suka daki bishiya, wasu aka cire musu inji aka sa wani, wasu tsatsa ta cinye su saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A 2009 gwamnatin Jamus, don ta farfaɗo da ciniki bayan rikicin tattalin arziki, ta ba da yuro 2,500 ga duk wanda ya kai tsohuwar motarsa aka murƙushe ya sayi sabuwa. Motoci kusan miliyan biyu suka tafi a haka. Wasu dubbai kuma irin na gama-gari aka loda su a jirgin ruwa daga tashoshi irin su Antwerp, suka sauka Kwatano da Lome da Legas. Ta nan ta kawu ta iso mana. Ba banza ba muke kiran irin waɗannan motoci 'yan Beljiyam.

Duk motar da ta mutu a wannan zamanin, ta ƙara wa wadda ta rayu daraja. Wannan shi ne dalili na farko: da ma kaɗan doka ta sa aka ƙera, sannan lokaci ya rage kaɗan ɗin.

Dalili na biyu mutane ne. Yaron da ke da shekara 12 a 1990, wanda ya manna hoton Evolution II a bangon ɗakinsa, ya cika shekara 40 a 2018. Yanzu yana da kamfani ko babban albashi, kuma abin da ya fi ƙarfin aljihun babansa yake nema. Haka kasuwar take tafiya tun asali, kowane zamani yana sayen mafarkin ƙuruciyarsa. Iyayensu sun bi motocin shekarun 1950 da 1960, su kuma suka bi na 1980 da 1990. Jamusawa har suna suka ba wannan aji, Youngtimer, wato tsohuwar da ba ta gama tsufa ba. A 2019 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da tarin irinsu sama da ɗari na mutum ɗaya, abin da ya nuna manyan dillalai sun karɓe su.

Dalili na uku doka ce kuma. A Jamus tun 1997, motar da ta cika shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta tana iya samun lamba mai harafin H, a ɗauke ta kayan tarihi, harajinta na shekara ya tsaya wajen yuro 190, a bar ta ta shiga tsakiyar biranen da aka hana tsofaffin motoci masu hayaƙi. A Amurka kuma wata doka ta 1988 ta hana shigo da motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25. Evolution II ba a taɓa sayar da ita a Amurka ba. Ku lissafa, 1990 a ƙara 25, ya ba da 2015. Ƙofar ƙasar da ta fi kowace yawan masu tara motoci ta buɗe, mota kuma 502 ce rak. Shekara ɗaya bayan nan aka ji fam 292,500.

Dalili na huɗu intanet. Da, sai ka sa kwat ka tafi Monterey ko Paris kafin ka yi tayi. A 2014 shafin Bring a Trailer ya fara gwanjo ta intanet, da ɗaruruwan hotuna, kowa na gani, kowa na tambaya. Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, ga kuɗin ruwa ya yi ƙasa, sai kasuwar ta kama da wuta. A watan Yulin shekarar aka sayar da M3 ƙirar 1988 mai mil 8,000 kan dala 250,000 a shafin. Evolution II masu tsabta suka haura dala 400,000. A 2023 wata Hammer ta wuce dala 700,000 a gwanjon Amelia a jihar Florida. Ku buga da canjin yau, ɗaruruwan miliyoyin naira ne, wata ma ta haura biliyan. Can ƙololuwa kuma, ko da yake ita ba salun ba ce, a Mayun 2022 Marsandi ta sayar da ɗaya daga cikin 300 SLR Uhlenhaut guda biyu da ta ƙera a 1955 kan yuro miliyan 135.

Amma fa ko a cikin masu tsadar akwai hawa-hawa, kuma a nan ne na fi son ku buɗe kunne. M3 biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, sai ka ga ɗaya ta ninka ɗaya sau uku. Me ya raba su? Mai saye yana duba nisan da ta yi. Yana duba ko fentin na masana'anta ne, ko injin da ke ciki shi ne wanda ta fito da shi, ko an taɓa yi mata walda. Kamfanin inshora na Hagerty har mataki huɗu yake raba su, daga wadda ta cancanci baje koli zuwa wadda ake hawa kullum. Sama da duk wannan, yana duba takarda: littafin sabis mai hatimi, rasit na kowane gyara, sunayen waɗanda suka mallake ta a jere. Mita ana iya mayar da ita baya, fiffike ana iya sayo shi a manna wa 190 ta gama-gari. Tarin rasit na shekara talatin da suka yi daidai da juna kuwa, ƙirƙirarsa da wuya. Sannan in sunan wani sananne ya shiga takardar, magana ta canza. A Janairun 2020 an yi gwanjon motocin marigayi Paul Walker, ɗan wasan fim ɗin Fast and Furious, inda wata M3 ɗinsa ta ƙarni na biyu ta kai dala 385,000, nesa da abin da irinta ke yi a lokacin.

Wato mai buga tayin nan ƙarfe kaɗan yake saye. Yawancin kuɗinsa yana tafiya ne kan tarihi, da shaidar cewa tarihin gaskiya ne.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce ya samo hanyar arziki. Kasuwar nan ta taɓa kifewa. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashin tsofaffin motoci ya yi tashin gwauron zabi, mutane suka ci bashin banki suka saya, a farkon shekarun 1990 ya rikito, da yawa suka tafka asara. Bayan 2022 ma da kuɗin ruwa ya tashi, kasuwar ta lafa, motoci da dama suka yi kwantai a gwanjo. Ga la'ada, ga inshora, ga ɗakin ajiya, ga kayan gyaran da wasu an daina ƙera su. Labarin wadda ta ci riba ake yaɗawa, ba a buga hoton wadda ta koma gida. Akwai kuma wani abin takaici: motar da aka ƙera don gudu, yanzu tsoron taka ta ake yi, domin kowace kilomita tana rage mata kuɗi. Wadda ta fi tsada ita ce wadda ba ta taɓa yin aikin da aka yi ta dominsa ba.

To mu dawo gindin darbejiya. Me na ce wa ƙanina?

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba mu sare fam 292,500 ba. Motar kawu ɗaya ce cikin kusan miliyan biyu, ta yi tafiyar da mita ta gaji da ƙirgawa, an sauya mata inji sau biyu, fenti sau uku, kuma babu takarda ko ɗaya da ta rage ban da ta kwastan. Ko Jamus aka mayar da ita, kuɗin jirgi ya fi ta. In ma wani yana da tsohuwar Marsandi a gida yana wasu-wasi, abin dubawa yana jikin lambar shasi. Bayan haruffan WDB, 201034 ita ce 2.3-16, 201035 ita ce 2.5-16, 201036 ita ce Evolution, 124036 kuma 500E. In ba ka ga ɗaya daga cikinsu ba, kada dillali ya sa ka yi wa rogo kallon kitse. In kuma ka gani, kada ka sallama wa mai tayin farko.

Amma na ce masa akwai abin da muka yi asara, kuma shi ya fi damuna. Ba mu da hoton motar ko ɗaya mai kyau. Ba mu san a wane gari ta fara rayuwa ba, ba mu san wa ya fara hawanta ba. Bajamushen da ya ajiye rasit ɗin canjin baƙin mai na 1991 bai san zai zama kuɗi ba, ajiyewa kawai ya yi don haka ya saba. Mu kuwa mun iya riƙe mota da rai. Bakanikenmu a Panteka ko Ƙofar Ruwa zai tayar da injin da Turai ta yanke wa ƙauna, ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Abin da ba mu saba ba shi ne riƙe labarinta a rubuce. Ga Peugeot 504 da aka yi shekaru ana haɗawa a Kaduna, motar da ta kai iyayenmu makaranta da asibiti da ɗaurin aure. Guda nawa suka rage yadda suka fito, da takardunsu? Ranar da 'ya'yanmu za su yi kuɗi su nemi mafarkin ƙuruciyar gidansu, me za su tarar?

Wani abu na ƙarshe da zai ba ku dariya. Kamfanin HWA, na shi Aufrecht ɗin da ya kafa AMG, ya sanar da cewa zai ƙera sabuwar Evolution ta zamani guda 100, kowace sama da yuro 700,000. Kun san da me ake fara ginin kowace? Da gangar jikin tsohuwar 190 ta gama-gari, irin ta kawu sak. Da na gaya wa ƙanina sai ya yi shiru, can ya rubuto: "Yaya, don Allah kar ka gaya wa Baba."

Ban gaya masa ba. In kuna da tsohuwar mota a gida, ku ɗauke ta hoto yau, ku tambayi mai ita labarinta tun yana nan, ku tattara takardunta a leda ɗaya.